Jita Mai Ƙara, Waya Mai Ƙaramin Kunne

[Kiɗan buɗe shiri, a sassauta shi a hankali]

Yau hirarmu da matasa ce masu koyon jitar lantarki, amma ina roƙon iyaye da maƙwabta kada su murɗa akwatin rediyonsu, domin akwai rabonsu a ciki kafin mu tashi.

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ya shekara biyu yana fama da jita, ya turo mini sauti ta WhatsApp. Ya rubuta a ƙasa: "Kawu, ka saurara ka gaya mini gaskiya." Na saurara. Abin da ya fito daga wayata kamar ana watsa tsakuwa a kan kwanon rufi, can ƙarƙashi kuma kana jiyo ɓurɓushin kiɗa yana neman hanyar fita. Na san yaron nan. Na sha zama gabansa yana kaɗawa, kuma na san hannunsa ya wuce abin da na ji. Sai na kira shi na ce, "Ina ka ajiye wayar?" Ya ce, "Jikin amfilifaya, Kawu. Na jingina ta da lasifikar don ta ji sosai." Na ce, "Ƙarfin fa?" Ya ce, "Na murɗa shi ƙarshe, a nan ya fi daɗi." Daga baya uwarsa ta gaya mini ya yi mako guda bai ɗauki jitar ba, wai ya gano shi ba makaɗi ba ne. Wannan shi ya taɓa mini zuciya, shi ya sa na kawo maganar nan gidan rediyo, domin na san irinsa suna da yawa, daga Agadez har Kano.

Bari mu fara da ita wayar. Ku juya ta ku dubi gindinta, kusa da inda ake sa caji. Za ku ga wani ɗan rami kamar an huda da allura. A bayan ramin nan makirufo yake, kuma duk girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A cikinsa akwai ɗan tantani da ya fi silin gashi sirantaka. Aikinsa irin na fatar kalangu ne, sai dai a juye: fatar kalangu ana bugunta ta girgiza iska, shi kuwa iska ce ke bugunsa ya girgiza, waya ta mai da girgizar lambobi ta adana. Waɗanda suka ƙera shi muryar mutum suka sa a gaba, mutum yana gaisawa da ɗan'uwansa, yana tambayar gida da yara.

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaure tana kai wajen desibel 60. Yawancin makirufon waya kuwa yakan cika ya fara kasawa a wajen desibel 120, wasu sababbin wayoyi sun ɗan ɗara haka. Wani zai ce ai akwai tazara, 60 da 120. To desibel ba a lissafa shi kamar kuɗi. Duk ƙarin desibel 10, ƙarfin ya ninka sau goma ke nan, ko da yake kunne yana jin kamar ninki biyu kawai aka yi. Lasifikar jita mai inci 12, idan ka ba ta wat 1 tak, tana iya fitar da desibel 95 zuwa 100 a nisan mita guda. Wat 1 na ce. Ku tuna ƙaramin amfilifayar koyo ma yakan kai wat 10 ko 15. Idan ka murɗa irin wannan ƙarshe, ka manna waya a bakin lasifika, ka wuce 120 tun ba ka kai tsakiyar waƙa ba.

Me ke faruwa idan an wuce? Ku tuno da mai awo a kasuwa. Ya ɗebo gero da mudu ya tumbatsa, sai ya sa hannu ya shafe kan mudun daidai da baki. Abin da ya haura baki ya zube. Sauti kamar tudu da kwari yake tafiya, hawa da sauka. Idan tudun ya fi ƙarfin makirufo, sai a shafe kansa, kowane tudu ya koma mai shafaffen kai, kuma kunne yana jin wannan shafewar a matsayin ƙarar tsakuwar da na gaya muku. Abin da ya zube kuwa ya zube. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin gyara irin wannan sauti, amma cike gurbi suke yi da kintace, ba sa dawo da abin da hannunka ya kaɗa.

Na san akwai mai jita da ke saurarona yanzu yana cewa, "Malam, ai mu wannan kaushin muke nema." Gaskiyarka, kuma ban raina shi ba. Kaushin jitar lantarki yana da tarihi. A 1951, a birnin Memfis na Amurka, an ɗauki waƙar nan Rocket 88 da amfilifayar da ta lalace a hanya, ta wani makaɗi Willie Kizart. Aka cusa mata takarda aka ci gaba da aiki, kuma gurnanin da ta yi ya zama abin da mutane suka so. A 1964, a Ingila, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga lasifikarsa da gangan don ya samu irin wannan murya. Yau kuma ana sayar da na'urori na musamman saboda ita.

Amma kaushi biyu ne, kuma a nan nake so ku kasa kunne. Kaushin da amfilifaya ke yi yana bi ta cikin lasifikar jita kafin ya iso kunnenka, ita kuwa lasifikar jita, yadda aka ƙera ta, ba ta iya fitar da sauti mai tsananin tsini. Duk abin da girgizarsa ta haura wajen sau 5,000 a daƙiƙa sai ta dusashe shi. Kamar rariya take, tana tankaɗe tsakin ta bar gari mai laushi. Kaushin da waya ke yi kuwa yana faruwa ne bayan an wuce rariyar, babu mai tankaɗe shi. Na farko kai ka zaɓe shi, ka san inda ka sa shi. Na biyu ɗora maka shi aka yi, kuma yana binne na farkon tare da duk wata gwanintar yatsunka.

Akwai kuma wani abu da waya ke yi a ɓoye. Kamar akwai wani ɗan aike a cikinta riƙe da maɓallin ƙarfi: idan ya ji an yi shiru sai ya ƙara, idan ya ji an ɗaga murya sai ya rage. A kiran waya wannan alheri ne, shi ya sa kake jin tsohuwarka ko tana magana ƙasa-ƙasa. A kiɗa kuwa ɓarna ce. Ka bugi tsirkiya da ƙarfi, ya danne. Sautin ya fara mutuwa a hankali yadda kake so, ya ɗago shi tare da ƙarar fanka da kukan akuyar maƙwabta. Abokin aikinsa shi ne mai share hayaniya, wanda aka koya wa cewa duk sautin da ya daɗe bai canza ba, inji ne ko iska, a kashe shi. To kiɗan jitar Abzinawa da matasanmu ke koyo ya ginu ne a kan tsirkiya guda da ke ta amo a ƙasa ba ta yankewa, yatsu kuma suna yawo a sama. Wayar sai ta ɗauki wannan amon a matsayin janareto ta dinga haɗiye shi. Idan kun taɓa jin jita a waya kamar ana kaɗa ta a cikin randa, ga dalilin.

Saboda haka, maɓallin saƙon murya na WhatsApp shi ne mafi munin wurin da za ka ɗauki kiɗanka. Don magana aka yi shi, kuma yana matse sautin ƙwarai domin ya tafi da sauri ko da sabis ba ƙarfi. Ka nemi manhajar ɗaukar sauti da za ta bar ka ka kashe waɗannan 'yan aiken biyu, ka riƙe maɓallin da hannunka. BandLab kyauta ce kuma tana aiki a Android da iPhone. Masu iPhone suna da GarageBand, kuma ko manhajarsu ta Voice Memos tana da saitin da aka rubuta wa Lossless, wato ɗauka ba tare da matsewa ba. Idan manhajar ta ba ka zaɓi, ka zaɓi WAV. Yana cin wuri, wajen megabait 5 a minti guda idan layi ɗaya ne, amma katin memori ya fi baƙin ciki araha. Za ka kuma ga wani ɗan ma'auni yana tsalle idan ka kaɗa, lambobinsa suna ƙarewa a sifili. Sifilin nan shi ne bakin mudu. Ka bugi jitar iya ƙarfin da za ka buga a cikin waƙar, ka tabbata tsallen ya tsaya da sauran lamba 6 zuwa 12 kafin sifili. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya.

Sai dai ga inda da yawa ke faɗawa. Ka rage ƙarfi a cikin manhaja, ma'auni ya nuna komai lafiya, ka saurara ka ji tsakuwar tana nan. Dalili shi ne tantanin da ke bakin ƙofa shi ya cika, tun sautin bai iso wurin manhaja ba. Wanda aka mara a ƙofar gida, ko ka shimfiɗa masa darduma a ɗaki, marin ya riga ya zauna. Maganin wannan biyu ne kawai, kuma ba sa cin ko sisi: ka rage amfilifaya, ka janye waya.

Nisa yana da lissafi mai daɗi. A fili, duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakanin lasifika da makirufo, sauti yana raguwa da desibel 6. A ce wayar tana taƙi ɗaya daga lasifika, wajen santimita 20. Ka mai da ita 40, an rage 6. Ka mai da ita 80, an rage 12. Ka kai ta 160, wato mita ɗaya da rabi da ɗoriya, an rage 18. Taku biyu kacal ka yi, amma ka fitar da wayar daga wuta. A cikin ɗaki ragin bai cika kai haka ba, saboda bango yana maido da sauti, amma duk da haka za ka ji bambanci nan take. Ni shawarata a fara daga mita ɗaya, a ɗauki daƙiƙa 20, a saurara, sannan a matsa gaba ko baya. Kada kuma wayar ta fi kusa da hannunka a kan kusancinta da amfilifaya, in ba haka ba ƙwas-ƙwas ɗin tsirkiya zai rinjayi muryar jitar.

Kada ka saita ta daidai tsakiyar lasifika. Sauti mai tsini daga cibiyar lasifika yake fita, a miƙe kamar hasken tocila, mai kauri kuwa yana bazuwa ko'ina. Ku lura da abin da ke faruwa: amfilifaya tana ƙasa, makaɗi yana tsaye, tocilar tana haska gwiwoyinsa. Kunnensa ba ya jin tsinin, sai ya ƙara murɗa maɓallin da aka rubuta wa Treble. Sannan ya ajiye waya a ƙasa, daidai cikin tocilar. Shi yana jin zuma, ita tana shan barkono. Ka ɗora amfilifayar a kan kujera ko benci ta fuskanci kunnenka, ka saita muryarta a haka, sannan ka ajiye wayar ta ɗan kauce gefe, gindinta mai ramin yana duban lasifika. Ka cire mata riga idan rigar ta rufe ramin. Ka sa mata filo ko ninkakken zane a ƙarƙashi, domin tebur yana girgiza kuma girgizar tana shiga. Idan ƙurar hunturu ta toshe ramin, busasshen burushin haƙori mai laushi ya isa. Kada a sa allura, don Allah. An kashe makirufo da yawa da allura.

Maɓallin Gain kuma, wanda ke kawo kaushin, ka rage shi fiye da yadda ranka ke so. Kaushi a cikin ɗauka kullum ya fi yadda ka ji shi a ɗaki yawa.

[Ɗan gajeren kiɗan jita, daƙiƙa 15]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ɗaukar sautin jitar lantarki da wayar hannu a gida.

Kada wani ya ji wannan bayani ya ce waya ba abin kiɗa ba ce. Mu a wannan yanki mun fi kowa sanin ba haka ba ne. Jitar Sahara tun farkonta ba ta jira situdiyo ba. Waƙoƙin Tinariwen na farko a kaset suka yi yawo, hannu zuwa hannu, ana kwafa daga rediyo zuwa rediyo, kafin ƙungiyar ta kai ga lashe kyautar Grammy a 2012. Da kaset ya ja baya, katin memori da bulutut suka gaje shi. Mdou Moctar, ɗan Nijar daga yankin Tahoua, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa hamada. A can arewacin Mali wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikinsu a katin memorin mutane, ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya shiga neman mai waƙar har ya same shi. A 2020 kamfanin ya fitar da jerin Music from Saharan WhatsApp, kowane wata ƙungiya guda, kuma waɗannan da waya aka ɗauke su, ta WhatsApp aka aika da su. Etran de L'Aïr, 'yan Agadez masu kiɗan biki, su suka buɗe jerin. Mutane a Turai da Amurka suka sa kuɗinsu suka saya. Wayar da ke aljihunka ba ta gaza tasu ba.

Mu koma ɗaki. Ɗakin siminti mai rufin kwano, babu silin, babu kaya, shi ne abokin gabar mai ɗaukar sauti. Ka tsaya a tsakiyarsa ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji wani zirrr ya biyo bayan tafin, to haka zai bi bayan kowane bugun tsirkiya, su cakuɗe. Kunnenka yana da basirar ware wannan ya yar, domin kunnuwa biyu ne da ƙwaƙwalwa a tsakani. Waya ba ta da wannan basirar. Gyaran kuwa da kayan gida ne: darduma ko tabarma biyu a ƙasa, katifa a jingine da bangon da lasifika ke duba, bargo a rataye a ƙofa, labule a sake. Ɗakin da ke cike da kayan sawa ya fi falo mai tayil. Tsohon soron ƙasa mai rufin azara sau da yawa ya fi su duka, domin bangonsa ba sumul yake ba. Kada ka cusa amfilifaya a kusurwa, kauri zai taru ya yi gumm. Tsakar gida ma wuri ne mai kyau idan babu iska, tunda sama ba ta maido da sauti. Kundin farko na Les Filles de Illighadad, wanda ya fito a 2016, a fili aka ɗauke shi a ƙauyensu, kuma duk wanda ya saurare shi ya ji yadda jitar Fatou Seidi Ghali ta fito tas.

Sai wutar lantarki. Wutar Najeriya da ta Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyar jita yana tsintar wannan ya mai da shi wani huuum da ba ya yankewa. Cajar waya mai araha, da fitila, da fanka, da janareto, duk suna ƙara shi. Ka kashe abin da za ka iya kashewa. Ka riƙe jitar ka juya a hankali kamar mai neman alƙibla, za ka sami fuskar da ƙugin ya ragu, ka zauna a haka. Idan jitarka mai maganaɗisu uku ce da makunni mai matsayi biyar, gwada matsayi na biyu ko na huɗu, a yawancinsu nan ƙugin ke mutuwa. Wayar kuma ka cika ta da caji tun kafin ka fara, ka cire ta daga wuta, ka sa ta a yanayin jirgin sama. Hakan zai hana kira ya katse ka, ya kuma hana wannan tit-tit-tit da lasifika ke yi idan waya tana neman sabis.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi. Idan ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizonka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alama ce cewa wuta tana yawo a jikin amfilifayar kuma ba ta da hanyar sauka ƙasa sai ta jikinka. Kada ka kaɗa ba takalmi a kan siminti mai danshi. Ka kai ta wurin mai gyara kafin ka sake kunnawa.

Wanda yake da ɗan hali, akwai hanyar da ta kauce wa makirufon gaba ɗaya. Ana sayar da ɗan akwatin da ake soka jita a gefe guda, waya a ɗaya gefen. iRig na kamfanin IK Multimedia shi ya fi suna, akwai kuma masu shiga ta ramin caji. Manhaja sai ta zama amfilifayar, kai kuma kana ji ta iyafis, ko ƙarfe biyun dare ne babu wanda ya san kana kiɗa. Abu ɗaya: kada ka taɓa jona waya da ramin da ke kai wuta ga lasifika a bayan amfilifaya. Ƙarfin da ke wurin zai ƙona ta. In kuma ka gama ɗauka za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, wato ta wurin da ake aika fayil, domin ya isa yadda ka ɗauke shi.

Yanzu bari in koma kan maganar ɗan yayata, cewa a ƙarshe ya fi daɗi. Bai yi ƙarya ba. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin kauri da tsini sosai idan sauti yana ƙasa, sai an ɗaga shi suke cikowa. Ga kuma bugun da kake ji a ƙirji da tafin ƙafa. Wannan daɗin gaskiya ne, amma a jikinka yake faruwa, ba ya shiga waya. Wanda zai saurari abin da ka ɗauka shi ke riƙe da maɓallin ƙarfinsa. Abin da kawai za ka iya aika masa shi ne siffar sautin, ko cikakkiya ko shafaffiya. Amfilifayar da aka sassauta, aka ɗauke ta da tsabta, idan an kunna ta ta fi wadda aka ƙure girma a kunne.

Kuma akwai wani makirufon a ɗakin da ya fi na wayar tsada. A can cikin kunnenka akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 16,000 a kowane kunne, su ke mai da girgiza ta zama ji. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka: desibel 85, awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya rabu biyu. 88, awa 4. 94, awa 1. Desibel 100, minti 15 kacal. Ku tuna abin da na ce wat 1 yana iya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Manyan makaɗan jita irin su Pete Townshend da Eric Clapton sun fito fili sun faɗi yadda kunnuwansu suka lalace. Idan ka tashi daga koyo ka ji wani shuuu a kunne, ko maganar mutane ta zama kamar daga bayan bango, kunnen ne ke gaya maka an shafe masa mudu. Idan ya wuce kwana ɗaya ko biyu bai tafi ba, ka je asibiti wurin likitan kunne. Ga gwaji mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu da kai ya ji ka, ƙarfin ya yi yawa. Makaɗi da kunnensa yake cin abinci, 'yan'uwa. Ina roƙonku da gaske.

Iyaye da maƙwabta, ga rabonku da na yi alkawari. Yaron da ya fahimci abin da muka faɗa yau zai rage ƙara da kansa, domin ɗaukarsa ta yi kyau. Ku kuma ku zauna da shi a tsayar da lokaci maimakon a ƙwace jitar. Kai kuma saurayi, haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne. Ban da lokacin salla, ban da tsakar rana da mutane ke hutawa, ban da bayan an kwanta. Ka san gidan da ke da jariri da gidan da ke da majinyaci. Sallama guda a ƙofar maƙwabci, "Baba, zan yi koyo bayan la'asar na rabin awa, in ya dame ku a aiko," tana kashe rigimar shekara.

Abin da ya sa na damu da tsabtar ɗaukar nan shi ne yawancin masu koyon jita a wurinmu ba su da malami. Daga kallo da sauraro suke koya. Lokacin da kake kaɗawa, hankalinka yana kan yatsu, kunnenka yana jin abin da ka yi niyya. Sai ka ajiye jitar ka kunna wayar ne kake jin abin da ka yi. Saboda haka ka ɗauki gajere, minti biyu ya isa. Ka rubuta masa kwanan wata. Kada ka yanke hukunci a ranar, ka bari sai gobe da safe. Ka saurara da iyafis, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin babbar tsirkiya, wadda ke girgiza sau 82 kawai a daƙiƙa. Kada ka goge tsofaffin, bayan wata uku za ka so ka ji inda ka taso.

Ɗan yayata ya sake turo mini sauti makon jiya, wannan karon a matsayin fayil. Amfilifaya a kan benci, ƙarfi a lamba uku, waya a kan filo taku biyu daga gefe, katifarsa a jingine da bango. Na ji kowace tsirkiya daban. Na kuma ji abin da tsakuwar ta ɓoye mana dukanmu: duk sanda ya zo sauka daga sama yana gaggawa, yana riga kiɗan isa gida, kuma tsirkiyarsa ta biyu ta ɗan sassauta. Na kira shi na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce, "Kawu, na ji wurin tun kafin in turo." Ya ce zai sa tafi a hankali ya bi wurin sau ashirin kowace yamma, ranar Juma'a kuma zai turo na uku.

Lokacinmu ya cika.

[Kiɗan rufe shiri]